Aska Mai Baƙin Mariƙi

Zuwa ga Baffa Wanzami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida, da fatan ƙafar da aka ce tana damunka ta yi sauƙi.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gano ni. Ni ce matar Dogo makanike, ɗan marigayi Baba mai gyaran agogo, Baban da kakanku ɗaya da shi. Sau ɗaya ka taɓa ganina, lokacin rasuwar Baba. Ni ce telar da ta ɗinke maka aljihun riga da ƙusar ƙofa ta yaga. An ce mini yanzu kunnenka ba ya ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto ta hannun direban da ke kai kaya wajenku.

Mu nan sai godiya. Wata huɗu ke nan ɗanka Dogo ya yanke jiki ya faɗi a gareji. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafar ta fara ɗan motsi, hannun kuwa shiru. Magana tana fita, amma sai wanda ya saba yake ganewa.

Abin da ya sa na dame ka, gemu ne. Tun da ya kwanta bai yi aski ba. Na kira mai askin bakin titi ya zo da injinsa, ɗanka ya ga mutumin yana satar kallon yawun da ke zuba a gefen bakinsa, ya jefe shi da kofi. Na gwada rezar kanti, fuskar ta feso da ƙuraje. Yanzu abinci yana maƙalewa a gashin ɓangaren da ba ya ji, fatar ƙasa ta yi ja har ta fara wari. Likita ya ce a aske, amma a kiyaye, domin maganin da yake sha yana tsinka jini, ɗan ƙaramin yanka ma sai an sha fama kafin ya tsaya.

Shekaranjiya ya yi ta nuna mini saman kabad. Na hau kujera na sauko da wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai aska uku masu naɗewa, da dutsen washi, da wata doguwar fata da ta bushe ta ƙandare. Duk sun yi tsatsa. Biyu masu farin mariƙi ne, ɗaya mai baƙi, ita kuma da giɓi a bakinta. Ya ce, "Na Baba ne. Gyara."

Baffa, almakashi na sani. Ban taɓa riƙe aska ba. Don Allah ka koya mini a takarda.

Surukarka,
Tela

*

'Yata Tela,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi ta juyayi. Allah ya ba Dogo lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ƙafata tana nan, ni da ita muna zaman haƙuri. Aljihun kuwa na tuna. Rigar ce ta mutu ta bar shi.

To, buɗe kunne. Ki jiƙa ƙarfen da man keken ɗinkinki ya kwana biyu. Sai ki karɓo takardar goge katako wajen kafinta, mafi laushi, ki riƙa goge tsatsar daga baya zuwa baki, yatsunki kullum a bayan aska. Kada ki nemi ta yi ƙyalli kamar sabuwa, ba kallonta za a yi ba.

Dutsen ki jiƙa shi da ruwa. Ki kwantar da askar a kansa gaba ɗaya, baya da baki duk su taɓa dutse, ki tura kamar kina so ki feƙe fatar dutsen. In za ki juya, ki mirgina ta ta baya, ba ta baki ba. Masu koyo a nan suke lalata aikin yini guda cikin ƙiftawar ido. Fatar kuma ki shafe ta da mai har ta yi laushi, ki rataya a ƙusa, ki ja ta miƙe. A kanta baya ne ke yin gaba, baki yana bi.

In kina ganin ta yi, ki gwada a gashin bayan hannunki. In tana ja, ba ta yi ba. In gashin ya zube ba ki ji komai ba, ta yi. Daga nan ki hura balan-balan, ki shafe ta da kumfar sabulu, ki aske. In ta fashe, ki gode wa Allah ba ɗana ba ne, ki hura wata. Sai kin aske goma a jere lafiya za ki kusanci fuskar mutum.

Ki yi aiki da masu farin mariƙi. Mai baƙin nan ki ƙyale ta, giɓinta ba na ɗan koyo ba ne.

Ki gaya wa Dogo na ce jifa da kofi gadon gidansu ne, babansa ma ya taɓa jifana da agogon mutane.

Baffanku

*

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafa? Mu muna lafiya, in ka cire babban yatsana na hagu da ke naɗe da tsumma. Na manta maganarka ta yatsu a bayan aska, ita kuwa ba ta manta aikinta ba.

Na karanta wa ɗanka takardarka tun daga sallama har sa hannu. Da na zo wajen agogo ya yi dariya da rabin bakinsa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi. Yanzu kullum sai ya tambaya ko direba ya zo, don in karanta masa.

Masu farin mariƙi sun fita tas. Ɗaya ta fara cin gashi. Balan-balan bakwai na fasa, maƙwabciyata har ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma shi ɗanka ya kafe, mai baƙin yake so, wai da ita ya saba ganin Baba. Na ce Baffa ya hana, ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Dole na ɗauke ta. Giɓin yana cin dutse yana cin hannuna, amma yana raguwa.

Wallahi Baffa, tun da na fara aikin nan mutumin ya canza. Ya daina faɗa. Yana zaune a kujera yana kallona ina washi, hankalinsa kwance. Ya sa an kira abokin aikinsa ya ba shi akwatin sifanoninsa kyauta, wanda da ko taɓawa ba a yi. Ya kira ƙanwarsa da suka yi shekara ba sa magana, ya nemi ta yafe masa. Ni ma ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni, na ce wace wahala.

Jiya ya ce mini, "In ta yi kaifi, ki ajiye min nan kusa, ki tafi shago. Zan gama da kaina." Ka ji fa! Mutumin da ko cokali ba ya yarda ya riƙe, yau shi ke son yin aski da hannun hagu. Ina tsoron yanka, amma ina tsoron in karya masa gwiwa. Me ka gani?

Surukarka

*

'Yata,

Ina gaishe ku, ina gaida Dogo. Lafiyata ƙalau. Direba yana tsaye a ƙofa yana danna mini oda, ba zan tsawaita ba.

Mai baƙin mariƙin nan, kada ki wasa ta. Na ce kada ki wasa ta. Ki riƙe ta a wurinki. Akwai sauran bayani, zan aiko miki shago a zuwansa na gaba.

Baffa

*

Baffa,

Barka da war haka, da fatan jiki da sauƙi. Hankalina bai kwanta da takardarka ta ƙarshe ba, rubutun duk ya karkace, ga baƙin mai da ya zuba a kai a motar direba. Ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye mini?

Na dai gane saƙon, ka ce kada in yi wasa da ita. Wallahi ba na wasa da ita. Kullum kafin in buɗe shago sai na yi awa guda a kan dutse, kuma a jakata take kwana kamar yadda ka ce. Albishirinka, giɓin ya fita! Na goge ta a fata, na ɗora a bayan hannuna, gashi ya zube ban ji komai ba. Ta fi fararen nesa ba kusa ba. Balan-balan ma na aske goma sha biyu a jere.

Bayanin da ka ce za ka aiko na jira mako biyu bai zo ba. An ce motar direbanmu ta lalace a hanya, shi ma ba a san ranar dawowarsa ba. Wannan takardar ma wani direban bas na roƙa a tasha ya kawo maka.

Ɗanka ya matsa. Na ce masa ya bari ƙurajen su ƙarasa bushewa. Mun yi da shi ranar Asabar ta sama zan haɗa masa ruwa da sabulu, in ba shi wuri kamar yadda yake so. Ka sa mu a addu'a.

Surukarka

*

'Yata,

Wannan takarda taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta masa. Ban san ko gaisuwa zan yi ba ko salati.

Ban ce kada ki yi wasa da ita ba. Cewa na yi kada ki WASA ta, kada ki sa mata kaifi. Na taƙaita ne don na san a gabansa kike karantawa, bayanin kuma yana can cikin motar da ta mutu. Laifina ne da ban faɗa miki tun farko ba.

Giɓin da kika sha wahalar cirewa, ni na yi shi.

Lokacin da idon Yaya, surukinki, ya mutu, ya rufe shagon agogo, sai ya aika na zo. Na tarar ya rabar da kayan aikinsa, ya bi dangi yana neman gafara, fuskarsa fes kamar wanda aka sauke wa kaya. Na yi masa aski da safe da hannuna. Da hantsi sai ya miƙo mini askar nan ya ce, "Wasa min ita, ka ajiye kusa da ni, ka fita ka sha iska." Na kalli haɓarsa, ko silin gashi babu. Me wanda aka gama aske wa zai yi da aska? Na fita da ita, na buga bakinta a ƙarfen dokin ƙofa, na dakushe sauran biyun, na cusa a gwangwani na jefa saman kabad inda makaho ba zai kai ba. Ya zage ni, ya ce kada in sake taka masa gida. Ban sake ba sai ranar da ya rasu, bayan shekara tara, a kan gadonsa, da ciwon Allah. Dogo bai san wannan ba, ba wanda ya sani.

Yanzu ki sake karanta abin da kika rubuto mini. Ya ba da sifanoni. Ya nemi gafara. Ya ce ki tafi shago, zai gama da kansa. 'Yata, maganar nan fuska biyu gare ta, ke kin ga ɗaya, ni na taɓa ganin ɗayar.

Wataƙila tsufa ne ke sa ni zargi. Allah ya sa haka ne, ki zo ki yi mini dariya. Amma kada ki ba shi. Ki kulle duka ukun a shago. Kada ki bar shi shi kaɗai. Ki gaya wa likitansa yau, ba gobe ba, kada kunya ta hana ki.

Na sa maƙwabcina ya kira lambar Dogo, a kashe take, taki kuma ba ni da ita. Yau Alhamis. Na ja ƙafata har tasha na damƙa wa direban bas, ya rantse mini zai kai shagonki da kansa.

Baffa

*

'Yata,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Direban bas ya ce ya ba ki hannu da hannu ranar Asabar da hantsi, wai kin karanta a tsaye, kin fita da gudu ba ki ko rufe shago ba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ce da ya sake bi ta wurin, shagon a kulle.

Kullum ina zaune a bencin tasha, duk motar da ta tsaya sai na leƙa fuskar direba. Suna yi mini magana ba na ji, sai dai in kalli hannunsu ko da takarda.

Ko mene ne ya faru, ki rubuto. Ko layi ɗaya ne. Na iya ɗaukar labari, rashinsa ne ba na iyawa. In mako ya ƙare ban ji ba, zan hau mota, ƙafar ta yi abin da za ta yi.

Baffa

*

Baffa,

Yana raye. Na fara da wannan don ka samu ka zauna. Ina gaishe ka, ina neman gafarar shirun da na yi. Na ɗauki biro ya fi sau biyar, hannuna ya ƙi.

Ranar Asabar ɗin na haɗa masa komai a kan tebur: ruwan ɗumi, sabulu, tawul, madubi na jingine da fulas. Na buɗe askar na ajiye ta gefen hagunsa. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Je ki." Na tafi ina murna, Baffa. Har waƙa nake yi a kan keken ɗinki lokacin da direban ya shigo.

Ban san yadda na iso gida ba. Na san dai na hau babur da takalmi ƙafa ɗaya. Na tura ƙofa na same shi a kujera, kumfa ta bushe a fuskarsa, tawul ya jiƙe jawur, ya danna shi a muƙamuƙi. Askar tana can ƙarƙashin gado. Yankan bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma saboda maganin nan jinin ya ƙi tsayawa. Mijin maƙwabciyata ya kai mu asibiti a motarsa. Aka yi ɗinki, aka riƙe shi kwana huɗu.

A rana ta biyu, bayan an gama zagayen likitoci, na saɓa maka. Na miƙa masa takardarka. Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya ce, "Baba ma?"

Na ce, "Ni ba Baba na tambaye ka ba. Da ka ce za ka gama da kanka, wanne kake nufi?"

Sai ya ce, "Duka biyun."

Da ƙyar maganar ta riƙa fita, amma na tsaya na ji duka. Ya ce da na fita ya kalli madubi, ya ga wani tsoho mai ƙazamin gemu, ya ce ba a wannan kama zan dawo in same shi ba, bari ya fara askewa tukuna. Ya ja sau uku lafiya, har ya ga fatarsa. A na huɗu hannun ya goce. Ya ce, "Da na ga jinin, tsoro na ji. Na ji ba na so." Ya yar da ita, ya shure ta da ƙafarsa mai lafiya don kada ya sake kai hannu. Ya yi ta kiran sunana, muryar ba ta wuce ƙofa ba.

Na fita baranda na yi kuka, sannan na shiga ofishin likita na faɗa masa komai. Yanzu akwai wata likita da ke zama da shi duk mako suna magana, an kuma ƙara masa magani. Ƙanwarsa ta dawo gidan, in ina shago tana nan. Aska ukun suna cikin durowar kekena, makullin yana wuyana.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi. Da shi, da kai, da kaina. Mako shida ina wasa abin nan da hannuna, yana zaune yana kallona. Na rantse ba zan sake taɓa aska ba. Amma ga mutum da rabin kunci a aske, sauran duk gashi, ƙurajen kuma suna neman dawowa. Da aka cire zare, shi da kansa ya ce, "Ɗauko farar. Ke za ki yi."

Na rage gemun da almakashi, na ɗora tawul mai ɗumi, na shafa kumfa. Na tsaya na sha ruwa kafin in fara. Shi ya sa yatsunsa na hagu ya ja fatar ta miƙe, ni ina bi a hankali. Ɓangaren da ba ya ji ya fi ba ni tsoro, don ko na yanke shi ba zai ce uffan ba. Da na zo maƙogwaro na tsaya. Ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Ina jin jijiyarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Ban san wanda ya fi wani riƙe numfashi ba. Kusan awa guda muka yi, ko ɗigon jini babu. Fuskar da ta fito ta rame ƙwarai, amma tasa ce.

Yau sau huɗu ke nan, duk bayan kwana uku. Ina zuwa da ita a jaka, ina komawa da ita a jaka, kuma yana gani. Ba zan ce maka ya wuce ba. Akwai ranar da yake wuni bai yi magana ba, ni kuma ko ƙarar cokali na ji daga ɗaki sai gabana ya faɗi. Likitar ta ce a hankali.

Kada ka hau mota a ruɗe. Ka bari ƙafar ta huta, mijin maƙwabciyata ya ce zai je ya ɗauko ka ƙarshen wata in ka yarda. Ɗanka ya karɓi biron, ya ce shi ma yana da magana. Da hagu ne, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Surukarka,
Tela

Baffa. Gashin bakina na dama ya fi na hagu tsawo. Na gaya mata ta ce daidai ne. Ka zo ka duba.